Buhun Ƙarshe na 'Yar Jigo

Ranar da aka buɗe tsumman, mu shida ne a tsakar gidana a Zangon Lome. Akwai ni, Asabe mai alkaki. Akwai Nafisa, 'yar ƙanena Sani, Allah ya ji ƙansa, wadda ta karanta aikin gona a jami'a, take aiki inda ake gwada iri kafin a ba manoma. Ita ce ke rubuta wannan, don ni hannuna bai taɓa riƙe alƙalami ba, kuma na gaya mata duk kalmar da ba daga bakina ta fito ba ta goge ta. Akwai Illa direba, mutumin Konni, mai ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa ya kai arewa. Yana kan benci a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba don sauri yake yi. Akwai maƙwabciyata Dada Akuvi mai burodi, wadda katanga ɗaya ce tsakaninmu tun da aka dawo da mu nan daga tsohon Zango. Sai 'yan mata biyu, Samira da Fati, masu sayar da kek ta waya, waɗanda suka zo in koya musu alkaki, wai kafin la'asar.

A cikin tsumman alkama ce, cikin tafin hannu guda, wadda Nafisa ta ɗiba daga buhuna ta jiƙa ta naɗe, ta ce kada a taɓa sai ta dawo. So muke mu ga ko za ta tsiro. In ta tsiro, irin da na yi sana'ata da shi tun ina budurwa yana da sauran kwana a duniya. In ba ta tsiro ba, buhun da ke jingine a ɗakina shi ne na ƙarshe, babu kuma mai sake shuka ta.

'Yan matan ba su san da wannan ba. Su abin da ya kawo su daban.

"Kaka, ai mun gani a waya," in ji Samira. "Fulawa, yis, mai, sukari. C'est facile, ba wuya. Naɗin kawai za ki nuna mana."

"Fulawa," na ce.

"Eh, mai kyau, ta jirgi."

"Wanda ya ce miki da fulawa ake alkaki, cincin ya koya miki, ya murɗa miki shi kamar igiya. Zauna. Ke ma zauna, ki ajiye wayar nan, ba gidan hoto kuka zo ba."

Suka zauna. Saboda su da irinsu na sa a rubuta wannan, don ranar ban samu na gama musu bayani ba.

Aikin farko da Iya Gambo ta ba ni, a tsohon Zango na cikin gari kafin a tashe mu, tsintar tsakuwa ne. Iya Gambo ƙanwar kakata ce, kuma duk wata mai alkaki ta zamaninmu a hannunta ta koya. Ta zuba mini alkama a faifai, ta ce in raba ƙwaya da dutse. Na gama na kai mata. Ta zura yatsu sau ɗaya, ta fito da tsakuwa mai launin alkamar sak, ta sa mini a tafin hannu, ta ce in tauna. Na ce ai dutse ne. Ta ce, "To surukar amarya ma ba ta cin dutse." Ta mayar mini da faifan. Damina ta zo ta wuce ina kan faifai, wata ta sake zuwa, hannuna bai taɓa kwaɓi ba.

Abu na biyu da ta koya mini shi ne tauna. In an kawo alkama, kafin komai, ki ɗebi 'yan ƙwayoyi ki watsa a baki, ki yi ta taunawa, kada ki haɗiye, kada ki yi magana. Garin zai narke ya bi miyau. Abin da ya rage tsakanin haƙora shi ne alkamar. In ya dunƙule ya yi danƙo, kika ja shi da yatsu ya miƙe kamar zare bai tsinke ba, ki karɓa. In ya watse kamar dusa, ki yi wa mai ita godiya ki ce Allah ya kawo kasuwa. Za ta yi kunu, za ta yi dambu, amma ba ta alkaki ba ce. Yanzu haƙoran gefe ɗaya suka rage mini, da su nake gwaji.

Ga yadda ake yi, ku ji da kyau, ba na son maimaici. A wanke alkama, a tsane ta, a surfa ta a turmi sama-sama, a shanya, a bakace. A kai inji a ce wa mai inji barza ake so, ba gari ba, kuma ki tsaya a kansa, don in kika juya baya zai matse injin ya mai da miki ita hoda, ko ya zuba ta a bayan barkonon wata. A tankaɗe a raba mai laushi da tsaki, a sake haɗa su yadda hannu ya sani. A murza da mai har kowane tsaki ya sha. A zuba ruwan tsami, a kwaɓa da tauri, a rufe a ƙwarya ya kwana. Da safe a sa ɗan ruwan kanwa, sannan a koma turmi a kirɓa, a yi ta kirɓawa har kwaɓin ya fara kama taɓarya yana bin ta sama. Sai naɗi, wanda kuke ganin shi ne aikin: a murza siriri, a zagaya yatsu biyu, a ɗaure tsakiya. Wannan ko jaririya ta kalla sau biyu za ta yi. Suya a wuta marar gaggawa, a kasko mai zurfi. Nawa na Iya Gambo ne, ya yi baƙi har ya daina ƙara baƙi. A tsame da matsami, a tsoma cikin sukarin da aka dafa da tsamiya tun yana da zafi. Wanda aka yi daidai, in kin karya shi za ki ga cikinsa zare-zare, ya sha zaƙi har tsakiya, kuma zai yi watanni a kwalla bai sauya ba. Mahajjata sun tafi da nawa Makka, 'yan makaranta sun tafi da shi Faransa a ƙasan akwati.

Kirɓin nan a da mu uku muke yi a turmi ɗaya, lugude, ni da Hasiya da Tabawa, har masu wucewa su tsaya su saurara. Hasiya ta rasu. Tabawa 'ya'yanta sun ɗauke ta zuwa Kumasi, an ce ba ta gane mutane yanzu. Sauran da muka koya tare, wasu ƙasa ta rufe su, wasu sun koma sayar da atamfa a kasuwar Asigame tun da ƙarfinsu. Taɓarenmu uku suna nan a bayan ƙofa. Ɗaya nake ɗauka.

Alkama ba ta fita a Lome. Ba ta son gumin teku. Sanyin arewa take so, da ruwan da ake ba ta da hannu bayan damina ta ɗauke. Tamu daga wani ƙauye take zuwa a bayan Konni, daga gonar Malam Arzika. 'Yar jigo suke ce mata, don da jigo kakanninsu suke ɗebo mata ruwa daga rijiya kafin zuwan injin ban-ruwa. Ja ce, ƙanana, mai tauri, ba ta da kyan gani. In kika ajiye ta kusa da ta jirgi sai ki ce shara aka tara. Uban Malam Arzika ne ke aiko wa Iya Gambo, shi kuma da ya gaji gonar sai ya gaje ni tare da ita. Direbobin da suka sauke kaya a arewa suna dawowa da mota wofi, sai a jefa mini buhunana a baya. Da uban Illa ne ke kawowa, yanzu Illa. Ban taɓa ganin fuskar Malam Arzika ba. Shekara da shekaru saƙon baki ne tsakaninmu: ya aiko da alkama da gaisuwa, in aika da goro da alkakin da zai raba wa iyali. Da waya ta zo na ji muryarsa, ashe siririya ce, ni da nake zaton wani ƙato ne. Ba ma doguwar magana.

"Hajiya, ta iso?"

"Ta iso."

"Yaya kika gan ta?"

"Na tauna."

"To madalla."

Shi ke nan sai baɗi.

Garar da ba na mantawa ita ce ta 'yar Hajiya Mairo ta fari. Hajiya Mairo babbar 'yar kasuwa ce, gidanta na unguwar Nyekonakpoe, kuma Kotonu aka kai 'yar, cikin dangi masu ido. A wurinmu in dangin amarya sun kai gara gidan miji, ba shinkafa da mai ake fara dubawa ba. Wata tsohuwa daga dangin ango za ta buɗe kwallar alkaki, ta zaro ɗaya daga ƙasa, ba daga sama ba, ta karya a gaban mutane. In ya yi zare, ta ce madalla, yarinya daga gida ta fito. In ya farfashe kamar biskit ba za ta ce komai ba, za ta ajiye ta karkaɗe hannu, kuma za a yi shekaru ana tuna wa amarya karkaɗe hannun nan. Na bi kayan har Kotonu don in gani da idona. Tsohuwar ta karya, ta ɗaga shi wajen haske, ta cinye, ta sake zaro wani ta ƙulle a bakin zane. Tun daga ranar Hajiya Mairo ba ta aurar da 'ya ba sai da ni. Autarta Bilki ce ta rage, an kuma sa bikinta. Buhun da ke ɗakina na garar Bilki ne. Na riga na ce to.

Shekarar da ruwa ya shigo Zango har gwiwa, na ɗora buhunana a kan gado, ruwa bai taɓa su ba, na ce na kuɓuta. Ashe ba ruwan ƙasa ne abin tsoro ba, na cikin iska ne. Rana ta ƙi fitowa, bango yana gumi, tabarma tana wari. Da na kwance bakin buhu, ɗumi ya bugi hannuna kamar an dafa. Ƙwari sun huda ƙwayar sun bar ɓawo, abin da suka bari fumfuna ta gama da shi. Na wanke, na shanya a ɗaki, na tauna: ɗaci. Ga shi na riga na karɓi garar gidaje. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafata na ce ba zan iya ba. Wata ta ce in yi da fulawa mana, wa zai sani. Na ce ni zan sani, tsohuwar da za ta karya ma za ta sani. Shekarar nan ƙosai na soya a bakin titi har alkama ta sake saukowa, kuma akwai gidan da bai sake aiko mini ba har yau.

Da sabuwar ta iso, Dada Akuvi ta leƙo ta kan katanga ta gan ni ina juya ta a rana, ido ɗaya na kan hadari. Hausarta a lokacin ba ta da yawa, ni ma Minancina, yarensu ke nan, haka yake. Ta nuna mini tanderunta na laka, wanda take gasa burodi da asuba, ta ce da rana wofi yake, zafinsa na tafiya a banza. Muka jira ya huce har na iya zura hannu in bar shi a ciki. Muka zuba alkamar a farantan burodi muka jera, muka rufe ƙofar, sai yamma muka fitar. Ta fito a bushe ƙarau, in kin ciza sai ta yi ƙara. Ƙwaro ko ɗaya bai sake tashi a cikinta ba. Na tauna, danƙon yana nan. Daga shekarar nan duk buhun da ya sauko daga mota, kafin ya saba da ɗakina ya shiga tanderun Dada Akuvi. Ban sake asarar ƙwaya ba. Duk mai ajiye hatsi a garin nan yana da dabararsa. Tawa ke nan, kuma ita ta riƙe ni.

Ana nan sai malaman gona suka kai sabon iri ƙauyen su Malam Arzika. Nafisa ta yi mini bayaninsa. Masu bincike ne suka yi ta haɗa wannan da wancan, shekara da shekaru, har suka sami wanda ke jure zafi in sanyi ya ɗauke da wuri, ba ya kwanciya in iska ta taso, yana nuna da sauri, kuma ya fi na da auki nesa ba kusa ba. Ba na zaginsu. Mai iyalin da zai ciyar ba don alkakina zai shuka ba. Illa ya taɓa kawo mini tiya ɗaya in gwada. Fara ce, manya-manya, ta cika ido. Tana da danƙo, har ya fi ƙarfi, amma ba ya miƙewa. In kin ja sai ya koma, in kin matsa masa ya tsinke. Alkakin ya fito da tauri, sukari ya tsaya masa a fata. Dada Akuvi ta gwada ta ce ta yi mata burodi yadda take so. Nafisa ta ce ai burodin aka nufa da ita, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce wa masu binciken ga wani abu wai shi alkaki, su ma ba su san ana nema ba.

Ƙauyen duka suka koma sabon. Malam Arzika kaɗai ya bar 'yan fangaloli a gefen rijiya yana shuka 'yar jigo, saboda ni, da kuma don ubansa ne ya bar masa. Kowace shekara ya zaɓi zangarnun da suka fi kyau, ya ajiye iri a tulu ya liƙe bakin da laka, sauran ya aiko mini.

Sai ga Illa wannan karon, ba buhu, ba kuma lokacin buhu ba ne. Ya gaishe ni ya daɗe yana gaisuwa, na san akwai magana.

"Inna, ruwan bana ya ci ɗakin Malam. Bango ya faɗa kan tulun. Kafin a tono shi, iri ya jiƙe ya ruɓe."

"Shi fa?"

"Lafiya lau, yana ɗakin ɗansa. Ya bi ƙauyuka, har tsallaken iyaka ya aika, ba mai ita. Kowa ya koma sabon. Ya ce in tambaye ki ko akwai saura a wurinki, ko da tiya ɗaya ce. Sanyi ya kusa, in ya wuce ba a shuka ba, shi ke nan."

Na ce, "Tiya? Buhu gare ni, ko ƙwaro ɗaya babu." Na kai shi ɗaki na nuna masa. Ya zura hannu ya ce, "Kai, Inna, ai ta fi ranar da na kawo ta kyau."

Nafisa ta leƙo ni da yamma kamar yadda take yi in ta tashi daga aiki. Na ba ta labari. Ta ɗebi ƙwayar ta duba, ta ciza.

"Goggo, wannan ma ta shiga wurin Dada Akuvi?"

"Wace ce ba ta shiga ba?"

Ta ci gaba da juya ƙwayar a tafin hannunta. Na ce ta yi magana, ba na son shirun 'yan boko.

Ta riƙe ƙwaya ɗaya ta nuna mini wani ɗan tabo a gindinta, wanda na yi shekaru ina gani ban ɗauke shi komai ba. "Nan ranta yake, Goggo. Daga nan take tsirowa. Zafin da ya kashe ƙwan ƙwari yana iya kashe shi. Ga kuma watannin da ta yi a iskar Lome. In don ci ne, lafiyarta ƙalau. Shuka ce ban sani ba."

"Hannuna na sa a ciki bai ƙone ba."

"Hannunki ba ya wuni a ciki."

Gaskiya ta faɗa. Mu da aka haifa a bakin teku, a buhu muke ganin alkama, a buhu take ƙarewa. Ban taɓa tsayawa a gonarta ba. Ba wanda ya taɓa ce mini abin da nake ajiyewa yana da rai. Nafisa ta ce a gwada kafin a sa wa tsoho rai. Ta ɗiba daga sama, da tsakiya, da ƙasan buhu, ta jiƙa tsumma ta naɗe, ta tura shi ƙarƙashin randa inda ya fi ko'ina sanyi. Illa ya ce motarsa na layin lodi, yana da 'yan kwanaki.

To, ranar buɗewa ke nan 'yan matan suka zo. Ina cikin gaya musu zancen barza Nafisa ta ce, "Goggo, Illa na sauri." Ta jawo tsumman ta shimfiɗa a faifai, ta warware a hankali.

Wari ne ya fara fitowa, tsami-tsami. Ƙwayoyin sun kumbura sun yi laushi, wasu fumfuna ta fara yi musu gashi. Fati ta toshe hanci ta ce, "Kaka, ça sent!" Ba wanda ya kula ta. Nafisa ta sa tsinke tana juya su tana turawa gefe. Matattu, matattu, matattu. Dada Akuvi ta miƙe tsaye.

"Asabe, tanderuna ne," in ji ta.

"Tanderunki ya ciyar da ni. Zauna."

Can wajen gefen tsumman Nafisa ta tsaya. Ta ɗago wata ƙwaya a kan tsinke, wani farin abu ya fito mata kamar zaren da ya kufce daga allura. Ta sake samun wata. Da ta gama duka, waɗanda suka tsiro ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

"Ina jin waɗanda suka zauna bakin faranti ne, kusa da ƙofar tanderu," in ji ta.

Illa ya leƙa ya ce, "Wannan ai ko ɗan tsako ba zai ƙoshi ba."

Na tambayi Nafisa, "In an ba shi tiyar da ya ce fa?"

"Abin da ya tsiro a tsumma ba duka ke fita a ƙasa ba, Goggo, kuma waɗannan raunana ne. Ga zafin hanya, yanzu da mota ke yin makonni kafin ta isa. Tiya ɗaya, wataƙila ya ga 'yan tsiraru, akuya ɗaya ta gama da su da safe."

"Buhun duka?"

"Wataƙila ya haɗa fangali guda. Wataƙila. Ban yi miki alkawari ba."

"Mais Kaka," in ji Samira, "ki ba shi rabi, ki yi bikin da rabi mana."

"Rabin buhu ba ya cika kwallayen Hajiya Mairo, kuma ba a kai garar auta a gutsure."

Illa ya gyara zama. "Inna, ki yi tunani. In ma ya fito, abin da zai samu bana iri ne, ba na aikowa ba. Baɗi ma ƙara shi zai yi. Sai bayan nan, in Allah ya kai mu. Malam kuwa ya tsufa, ke ma..."

"Ni ma me?"

"Ke ma Allah ya ƙara lafiya."

Dada Akuvi ta yi dariya har da tari. Illa ya miƙe, ya ce gobe da hantsi zai tashi, yana garejin manyan motoci. Ya ce, "Tiya Malam ya ce. Ba zai ga laifinki ba."

Samira ta dubi Fati, ta dube ni. "To yau ba za a yi naɗin ba ke nan?"

Na ce ba za a yi ba. Na ce in da gaske suke su dawo wata rana da sassafe, ba da la'asar a baki ba. Suka tafi, wayoyi a hannu tun kafin su kai ƙofa. Nafisa ta zuba 'yan tsiron a wani ɗan gwangwani ta ce za ta nuna wa mutanen wurin aikinsu, ta tafi. Dada Akuvi ta koma kwaɓin gobe. Na yi la'asar, na jawo kujera bakin ɗaki na zauna. Buhun na jingine inda yake. Ban kira Malam Arzika ba, ban kira Hajiya Mairo ba.

Washegari bayan sallar asuba na ɗauko basilla da igiya. Na share ƙasan ɗaki, ƙwayoyin da suka zube na tsince na mayar. Na ɗinke bakin buhun, na zura shi cikin wani buhun saboda ruwan hanya. Na tsayar da zemijan biyu, masu babur na haya, ɗaya ya ɗauki buhun, ɗaya ya ɗauke ni. Na sami Illa yana duba taya.

"Duka, Inna?"

"Duka. Kada ka sa shi ƙarƙashin tampol inda rana ke dafawa, kada ka sa shi kusa da inji. A gaba, inda kake kwana."

"Ni kuma in kwana a ina?"

"Kai ka sani."

Ya ɗauka ya kai gaba, ya dawo yana goge hannu. "In bai fito ba fa?"

"In bai fito ba, ya kira ni ya faɗa da bakinsa."

Daga nan na wuce Nyekonakpoe. Na sami Hajiya Mairo tana shan shayi, atamfofin biki a zube a gabanta. Na gaya mata a tsaye, tun daga tulu har tsumma, ban rage komai ba. Ta ajiye kofi.

"Asabe, autata ce fa."

"Na sani, Hajiya."

"Yayyenta duk an karya naki a gidajensu. Ita wa zan samo mata?"

"Babu."

Ta dube ni, sannan ta ce wa mai aikinta ta raka ni ƙofa.

Na dawo Zango kafin azahar. Na wanke turmi, na shafe shi da mai ciki da waje, na ja shi inuwa na kife, don kada ya tsage. Zai daɗe bai ji taɓarya ba.